An Buɗe Makarantu, To Ina Sauran 'Yan Ajin?

Ranar Litinin 18 ga Janairun 2021 ɗaliban Jihar Kano suka sake komawa aji, karo na biyu ke nan da ake buɗe wa kowa makarantu tun ɓullar cutar korona. Duk wanda ya bi hanyar Dambatta, ko ta Bichi zuwa Tsanyawa, da sassafe a makonnin da suka biyo baya ya ga yadda gefen titi ya sake cika da 'yan mata cikin hijaban makaranta da samari a kan kekuna, goyon biyu-biyu, suna ratsa hazo. Abin gwanin sha'awa. Sai dai mai wucewa a titi ba zai san abin da malamin aji ya sani ba, domin malami ne ke riƙe da rajista, shi ne kuma ke kiran wasu sunaye kowace safiya a ji shiru.

Gwamnati tana iya buɗe makarantu dubu da sanarwa ɗaya a rediyo. Dawo da ɗalibi ɗaya da ya riga ya kama wata hanya kuwa, sai an taka ƙafa an je har ƙofar gidansu. Wannan aiki na biyu shi ne ba a gama ba a lokacin, musamman a ƙananan makarantun da mutanen gari suka gina da guminsu a karkarar arewacin Kano.

Bari mu ɗan tuna yadda aka zo nan. An rufe makarantu ranar 23 ga Maris ɗin 2020, tun kafin a samu mai cutar ko ɗaya a jihar, domin sai ranar 11 ga Afrilu aka tabbatar da na farko. Da farko kwana talatin aka ce. Daga nan dokar kulle ta biyo baya, aka yi azumi da ƙaramar Sallah a cikinta. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun koma aji tun 1 ga Yuni, mu kuwa sai a watan Agusta aka kira 'yan aji shida na sakandare kawai, saboda jarrabawar WAEC da aka fara ranar 17 ga watan. Sauran ɗalibai sai 12 ga Oktoba. Ku ƙirga da kanku: daga 23 ga Maris zuwa 12 ga Oktoba mako 29 ne cif, wato ya haura zangon karatu biyu. Ba a yi mako goma da komawa ba aka sake rufewa a tsakiyar Disamba, lokacin da cutar ta sake tasowa, kuma 'yan kwanaki bayan 'yan bindiga sun kwashe ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Kimiyya ta Ƙanƙara a Jihar Katsina. Iyaye kowa ya riƙe dalilin da ya fi tsorata shi.

Makarantar da gari ya gina

Da yawanku kun san irin makarantar da nake nufi, wataƙila ma a cikinta kuke karanta wannan shafi. Gari ne zai ga 'ya'yansa suna gama firamare suna zaune, domin sakandare mafi kusa sai an yi tafiya mai nisa, kuma ba kowane uba ne zai bar 'yarsa ta yi wannan tafiya kullum ba. Sai ƙungiyar ci gaban gari ta zauna. Dagaci ya nemo fili, 'yan garin da ke aiki ko kasuwanci a birni su kawo siminti da kwano, matasa su yi gayyar yashi da ruwa, a tashi aji biyu ko uku. Daga nan a yi ta zarya ma'aikatar ilimi har a samu amincewa, a turo shugaban makaranta da malami ɗaya ko biyu. Sauran darussa kuwa malaman sa-kai ne ke ɗauka, 'yan garin da suka yi NCE ko difloma ba su samu aiki ba, ana ba su ɗan abin sayen sabulu daga karo-karon iyaye. Wasu makarantun gwamnati kan karɓe su baki ɗaya daga baya, wasu su yi shekaru a tsakiya, ba su zama na gwamnati sosai ba, ba kuma na kuɗi ba ne.

A Amurka akwai wani tsari da ya ɗan yi kama da wannan, wanda za mu iya kira makarantun yarjejeniya. Jihar Minesota ce ta fara yin dokarsu a 1991, aka buɗe ta farko a 1992, yanzu kuma ɗalibansu sun haura miliyan uku. Wasu mutane ne ko ƙungiya ke tafiyar da makarantar, gwamnati tana biyan kuɗi a kan kowane ɗalibi, iyaye ba sa biyan kuɗin makaranta, idan kuma makarantar ta kasa cika alƙawarin da ta sa wa hannu sai a ƙwace mata izini. Da yake kowacce tana da hukumarta, a wannan annoba wasu sun yi saurin komawa aji, wasu suka ci gaba da karatu ta intanet, yayin da a manyan birane irin su Shikago aka yi ta ja-in-ja tsakanin hukuma da ƙungiyar malamai kan ranar komawa.

Mu a nan abin a juye yake. Ranar buɗewa da ta rufewa gwamnati ce ke yankewa, kuɗin kuma yawanci gari ne ke nema. Su can muhawararsu ita ce a zauna gaban kwamfuta ko a koma aji. A Kunci ko Makoɗa wannan tambayar ba ta ma taso ba. Idan babu aji, babu karatu.

Inda mako 29 ya tafi

An yi ƙoƙari, gaskiya. An riƙa gabatar da darussa a gidajen rediyo da talabijin, kuma Kano gari ne na masu sauraren rediyo. Amma a gidaje da yawa rediyon ɗaya ce, ta maigida, kuma tare suke tafiya gona. Wayar da za a saurara da ita tana wurin mai caji. Sannan ko ka samu ka saurara, malamin rediyo ba ya jin ka idan ka ce ba ka gane ba, a maimaita. Da babu gara ba daɗi, amma wanda ya taɓa ƙoƙarin koyon lissafi da kunne kawai ya san iyakar abin.

Abin da ya fi rediyo ƙarfi shi ne gona. Yankinmu ba irin wuraren da ake barin gona ta huta ba ne. Daga Ungogo da Minjibir har Dawakin Tofa da Dambatta gonaki a manne suke da juna, kowace shekara sai an nome su, kuma taki da yawan hannu ne ke riƙe da su. To dubi yadda rufewar ta faɗo. A ƙarshen Maris ana sharar gona da kai taki a mangala ko amalanke. Ruwa ya sauka aka yi shuka, aka yi noman firi, aka yi maimai. A shekarun baya uba yakan samu ɗansa ne bayan an tashi daga makaranta, da kuma ranakun Asabar da Lahadi da dogon hutu. A 2020 ya same shi tun daga asuba, damina guda cur. Kuɗin da zai ba 'yan ƙwadago ya tsira, a shekarar da kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabo.

Ranar da aka ce a dawo kuwa, 12 ga Oktoba, ta faɗo a tsakiyar kaka. An yanke gero, ana cirar gyaɗa, ana roron wake, dawa tana jiran lauje, ga harawa da za a ɗaure kafin dabbobi su shiga. Wanda ya zaɓi ranar a ofis bai yi laifi ba, yana duba alƙaluman cuta ne da jadawalin jarrabawa. Amma a ƙauye ranar ta zo ne a lokacin da hannun yaro ya fi kowane lokaci daraja a gida. Buɗewa ta biyu kuma ta zo a Janairu, lokacin da samari ke tafiya ci-rani, wasu kuma suna lambu a bakin dam ɗin Watari ko na Tomas suna ban ruwan tumatir da albasa. Bayan kaka kuma, kun fi ni sani, lokacin bukukuwan aure ne.

Ni ma a gida na yi wannan shekara, domin yajin aikin malaman jami'o'i da aka fara a Maris sai 23 ga Disamba aka janye shi. Da aka buɗe a Oktoba sai na shiga cikin masu taimakawa da darasin lissafi a makarantar garinmu. Abin da na fara lura da shi ba mantuwar darasi ba ce, wannan kowa ya zata. Hannu ne. Yaron da ya yi wata bakwai yana riƙe da fartanya, da ya kama biro sai rubutun ya riƙa fita a karkace, kuma kafin ya cika shafi ɗaya yana yarfe yatsu. Zama ma sai da aka sake koyo. Minti arba'in a kan benci ya zama aiki ga wanda ya saba yini a tsaye.

Dokar birni, ajin ƙauye

A watan Yulin 2020 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da ƙa'idojin komawa makaranta: a sa takunkumi, a tanadi wurin wanke hannu da sabulu, a riƙa auna zafin jiki a ƙofa, a ba da tazarar mita biyu tsakanin ɗalibai. Babu wadda ba ta da dalili a cikinsu. Cutar tana bin numfashi ne, tana fita da tari da atishawa da ma magana, kuma ta fi yaɗuwa inda mutane suka cunkushe a ɗaki rufe.

Amma ku ɗauko biro mu yi lissafi. A ce ajinku faɗinsa mita bakwai ne, tsawonsa takwas. A bar wa malami mita biyu a gaban allo. Idan kowa zai nisanci ɗan'uwansa da mita biyu, layi huɗu za a samu, kowane layi mutum huɗu, goma sha shida ke nan. Yanzu ku waiwaya ku ƙirga 'yan ajinku. Ga na biyu: wanke hannu yadda likitoci suka ce yana cin daƙiƙa 20. Makaranta mai ɗalibai 300 da bokitin famfo ɗaya za ta buƙaci daƙiƙa 6,000, wato minti 100, kafin na ƙarshe a layi ya shiga aji. Darasi biyu sun wuce har da rabin na uku. Ba mu ma yi maganar wanda zai cika bokitin ba, a makarantar da tuƙa-tuƙa mafi kusa tana cikin gari.

Gwamnatin jiha ta san da wannan cunkoso, shi ya sa a Oktoba ta raba ranaku: 'yan aji ɗaya da biyu na firamare Litinin da Talata, na uku zuwa biyar Laraba zuwa Juma'a, 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare da na babba kuma aka ce su ƙara mako biyar a gida. Dabarar ta rage cunkoso, amma ta ƙara wa wasu nisa da makaranta, kuma masu nisan nan su ne suka fi sauƙin sulalewa.

A nan ne na ga amfanin makarantar da gari ke ji tasa ce. Ba a jira takarda daga Kano ba kafin a yi abin da za a iya. Telolin gari suka ɗinka takunkumi da ƙyallayen atamfa, wanda ake wankewa a sake sawa. Aka huda jarkoki aka rataye, yadda mutum uku ko huɗu za su wanke hannu a lokaci guda. Aka daina dogon taron safe. Aji mafi cika kuma aka raba shi biyu, rabi a ciki, rabi a inuwa da allon jingina. Karatu a gindin bishiya, wanda a da muke jin kunyar a ce makarantarmu na yi, sai ga shi yana cikin hanyoyin da takardar Abuja ta ba da shawara, domin iska tana kwashe abin da ɗaki ke tarawa. Mai gawo a harabar makaranta ya more, tunda shi gawo da rani yake ganye, lokacin da sauran itatuwa ke kaɗewa.

Da hunturun farkon 2021 matsalar ta sauya kama. Sanyi yana sa a rufe tagogi, dokar lafiya tana cewa a buɗe. Rabin aji na tari da mura saboda ƙura, babu mai iya bambance wanne ne wanne. Ga kuma masu cewa korona ciwon 'yan birni ne da masu hawa jirgi. A lokacin ina jin wannan magana a majalisa kusan kullum, kuma na san abin da ya sa take shiga: yara ba su cika jin jiki da cutar ba. Amma mutanen Kano ba su manta da yawan jana'izar da aka yi a watan Afrilun 2020 ba, kuma yawancin waɗanda aka rasa dattawa ne. Mu kuwa gidajenmu na gandu ne, da kaka da jika a tsakar gida ɗaya, wani lokaci kwano ɗaya. Takunkumin da ɗalibi ke jin ya dame shi a aji a lokacin, saboda tsohuwar da zai koma ya gaisar ne. Allurar rigakafi kuma a Janairun 2021 ba ta riga ta iso Najeriya ba.

Su ma malaman ba duka suka dawo ba

Wannan ɓangaren ba a cika faɗarsa ba. Malamin gwamnati albashinsa bai tsaya don an rufe makaranta ba. Malamin sa-kai kuwa, ranar da aka kulle ƙofa ranar karo-karo ya tsaya. Wata bakwai ba wasa ba ne ga mai iyali. Wani ya koma gona gadan-gadan, wani ya karɓi babur yana haya, wani ya kafa teburin cajin waya, kuma da aka buɗe sai ya auna ya ga sabuwar sana'ar ta fi alli kawo abinci. Wa zai ga laifinsa?

A cikin wannan rufewar ne kuma Gwamnatin Tarayya ta sallami rukunin farko da na biyu na 'yan N-Power, a ƙarshen Yuni da ƙarshen Yuli, alhali a makarantun karkara da dama su ne ke riƙe da Turanci da lissafi da kimiyya. Sansanonin masu yi wa ƙasa hidima ma sai a Nuwamba aka sake buɗe su. Makarantun kuɗi na birni sun samu masu yi musu magana, har aka yi ta ce-ce-ku-ce lokacin da Kwamishinan Ilimi na wancan lokaci, Muhammad Sanusi Kiru, ya nemi su rage kashi 25 cikin ɗari na kuɗin zango na uku ko a soke zangon. Makarantar da kuɗinta bai taka kara ya karya ba, babu abin da za a rage mata, kuma ba a ji muryarta a rediyo ba. A ganina, idan akwai tallafin sabulu ko na alawus ɗin malamai, irin waɗannan ya kamata a fara kai wa, domin su ne ba su da wani wurin dafawa. Jihar da ta ayyana ilimi kyauta kuma dole tun 2019 bai kamata ta bar makarantar da talakawa suka gina mata kyauta ta mutu saboda kuɗin malami biyu ba.

Waɗanda ake kira a ji shiru

Ba duka ne suka tafi don an tilasta musu ba, kuma wannan ne ya sa maganar take da wuya. Akwai wani yaro da na koyar, mai kaifin kai, da ya bi yayansa Kasuwar Dawanau yana dakon buhuna. Da yamma yana ƙirga kuɗinsa a hannu, ya sayi waya, yana ba mahaifiyarsa na cefane. Idan ka ce masa ya dawo ya zauna a benci, dole ka zo da amsar tambayar da zai yi maka, wato ga yayyensa nan da takardunsu suna zaune. Amsar da nake da ita ba mai daɗi ba ce, amma gaskiya ce: dako yana buƙatar ƙarfi, ƙarfi kuma yana da ranar ƙarewa, sannan a cikin Dawanau ɗin ma wanda ke riƙe da littafi yana rubuta adadin buhu ya fi mai ɗaukar buhun samu. Ba sai ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya ba. Makarantar jeka-ka-dawo tana tashi da rana, ga Asabar da Lahadi, kuma shugabannin makarantun gari sun fi kowa sanin yadda ake sassauta wa yaro mai nema.

Wasu kuma kunya ce kawai ta riƙe su. Yaro ya yi mako uku bai zo ba, yana tsoron bulala ko dariyar abokai, sai ukun ya zama shida. Wani kayan makarantarsa ne suka yi masa kaɗan, domin wata goma a shekarun girma ba kaɗan ba ne, kuma babu kuɗin sabon ɗinki. Irin waɗannan su ne mafi sauƙin dawowa, idan aka samu wanda ya je ya ce musu malam yana cigiya, ba kuma duka zai yi ba.

'Yan mata da aka aurar lamarinsu ya fi nauyi, amma ƙofa ba ta rufe ba. Aure ba ya hana rubuta WAEC ko NECO, akwai ma zagayen da ake yi wa masu zaman kansu a ƙarshen shekara. Kano tana da Hukumar Ilimin Manya tun 1980, da cibiyoyin karatun mata a ƙarƙashinta. Abin da amarya ta fi buƙata shi ne yardar maigida da ƙawar da za ta riƙa kai mata littafi ta kwafa. Na farkon aikin manya ne, liman da iyaye. Na biyun kuwa naku ne.

'Yan aji biyar su fi kowa lura. Jarrabawar kwalifayin ita ce gwamnatin Kano ke dubawa kafin ta biya wa ɗalibi kuɗin NECO. Wanda ya bari ta wuce shi, nauyin ya koma kan mahaifinsa, kuma a gidaje da yawa a nan karatun ke tsayawa.

Ƙannena, akwai abin da kuka sani wanda ba kwamishina ba, ko shugaban makarantarku bai sani ba. Kun san wanda ke zama kusa da ku kafin Maris ɗin 2020. Kun san wanda ya tafi Legas ko Abuja ci-rani, da wanda ke bakin dam, da wadda aka kai ɗaki a ƙauyen gaba, da wanda yana nan cikin gari yana ɓuya idan ya hango malami. Monita ya yagi takarda ɗaya, ku zauna lokacin tara ku rubuta sunayen, kowanne da inda yake da abin da kuke jin ya hana shi. Ku miƙa wa malamin aji shi kaɗai, ba a allo za a rubuta ba, domin ba tonon asiri ake so ba. Kusan kowace makaranta tana da kwamitin gudanarwa da ya haɗa iyaye da malamai da masu unguwanni, kuma a makarantar da gari ya gina, mutanen da ke cikin kwamitin su ne dai suka ɗauki yashin ginin a kansu. Mai unguwa ba ya buƙatar mota kafin ya isa gidan da kuka rubuta. Bayan sallar Magariba ma ya isa su haɗu da uban yaron a ƙofar masallaci.